Ranar da Auta Ta Bar Madugu Ya Faɗa

Auta ƙanwata ce, ita ce ta biyar a ɗakinmu, kuma har yau da furfura ta fara leƙo mata ta gefen kunne ba wanda ya sauya mata suna. Ni walda nake yi. Shekara ashirin da shida ina ƙona ƙarfe, idona ya gaji, bayana ya gaji. Idan mutum ya ce min ƙofa ta yi ƙwari, sai na jijjiga ta da hannuna kafin in amsa masa. Saboda haka ba zan tsaya yabon Auta da fatar baki ba. Abin da ta yi zan faɗa.

A kamfanin jigilar kaya take aiki. Ofishinta ƙarami ne a saman gareji, taga ɗaya mai kallon filin da motoci ke juyawa, allon kwamfuta biyu, da abin magana na saƙalawa a kunne wanda ta naɗe da salatif tun da ya tsage. Direbobi goma sha bakwai ne a hannunta. Daga safe zuwa yamma ita ke gaya musu inda za su bi. Na taɓa kai mata saƙo na tsaya a bakin ƙofa ina jin ta: "Ka wuce gidan mai, ka bar kwana biyu, ta ukun ka shiga hagu. Akwai rami a bakin kwalbatin, kada ka ce ban gaya maka ba." Shekara goma sha huɗu tana wannan, ba ta taɓa riƙe sitiyari ba.

Wata abokiyar aikinta ce ta koya mata wani wasa kafin ita matar ta bar kamfanin. Wasan labari ne. Mutum ɗaya ke riƙe da duniyar gaba ɗaya, dazuzzukanta da dodanninta da biranen da suka nutse a ƙasa. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi. In abin da haɗari, sai a jefa ɗan ludo mai fuska ashirin, lamba ta raba gardama. Wasu a tebur suke yi, mu kuwa a warwatse muke, don haka a intanet muke haɗuwa. Akwai shafin da ke nuna taswira mai gida-gida, kowa da ɗan hotonsa zagayayye da yake ja da yatsa, ɗan ludon ma a allon yake mirginawa, muna kuma jin muryar juna. Auta ce mai jan wasan.

Da ta fara gayyatata na ce mata ni ba yaro ba ne.

Ta ce, "Yaya, ka zo sau ɗaya. In bai yi maka ba, ka koma ka ci gaba da zama kana hararar bango."

Shekara uku ke nan ina zuwa. A wasan ƙato nake, mai guduma, ba ya yawan magana, don haka bai ba ni wahala ba.

Yadda take jan direbobi haka take jan mu. Ranar Lahadi ƙarfe huɗu ake farawa, amma tun saura kwata take buɗe shafin, kowa ya shigo ya ce wani abu a ji ko makirufonsa na aiki. Awa biyu ne, da hutun minti goma a tsakiya, ko ana tsakiyar yaƙi in lokaci ya cika ta tsaya. Ba ta cewa "me za ku yi?" don ta san mai bakin cikinmu ne zai cinye fili. Suna take kira ɗaya bayan ɗaya. Tana da littafin rubutu a gefe da komai a ciki, saboda ranar da shafin ya ƙi buɗewa ba a fasa ba, da baki aka yi. Wanda sabis ɗinsa ya yanke kuwa, sai ta ce mutuminsa ya tsaya gadin jakuna, a ci gaba, in ya dawo ya tarar da mu.

Mu uku ne 'yan wasa. Ni, da Nas, ƙawarta tun makaranta, wadda ke aiki a ɗakin masu karaya a asibiti, a wasan kuma ɓarauniya ce mai buɗe kowane kwaɗo. Na ukun Kawu ne.

Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne. Shekara talatin da ɗaya yana jan bas ɗin dogon zango, bai taɓa kwantar da mota ba. Ciwon sukari ya taɓa masa ido, da kansa ya je ya ajiye makulli kafin a ce ya ajiye. Garin da yake zaune tafiyar awa biyar ce daga namu. Bayan ya bar aiki sai ya zama ba ya fita, ba ya kiran kowa. Auta ce ta lallaɓa shi, ta sa matarsa ta buɗe masa shafin a babbar waya. Ya zaɓi ya zama Madugu, tsoho mai jan ayari, da jakuna uku da ya raɗa wa sunayen motocin da ya tuƙa: Ja, da Tsohuwa, da Mai Tari. Tun ranar farko ya fi mu iyawa. Shi ne zai tsaya ya tambayi mai gadin ƙofar birni lafiyar iyalinsa har mutumin ya manta ya bincike kayanmu.

Ɓarnar ta fara ne daga ƙwazo. Auta ta gano shafin na iya sa duhu a taswira, kowa ya ga iya inda fitilarsa ta haska kawai. Abin ya shiga ranta. Duk hutun cin abincin rana a kan zanen taswira take ƙarar da shi, kogo da ruwa mai motsi, wuta mai lilo a bango. Taswira ta yi ta kyau, bakinta ya yi ta raguwa. Matar da ke iya kai direba ƙofar shago a garin da ba ta taɓa zuwa ba, sai ga ta tana cewa, "To, ga ɗakin nan kuna gani." Mu ma muka bi ta. "Kawu, matso nan." "A'a, can." "Bayan wancan." Shi kuwa idon ƙara lalacewa yake, bai gaya wa kowa ba. Madugu ya riƙa shiga bango, ya riƙa tsayawa a bakin rami. In an yi magana ya yi dariya ya ce Mai Tari ne ya fizge shi.

Auta ta lura kafin mu. A nan ta yi kuskuren da sai mai jan wasa zai iya yi. Akwai wani madanni da ke ba ta damar jefa ɗan ludo a ɓoye, ita kaɗai ta ga lambar. Duk kibiyar da aka harba wa Madugu sai ta jefa a ɓoye ta ce ta kuskure. Duk tarkon da ya taka sai ya zama ya yi tsatsa. Ni ana ta fasa min kai, Nas ta rasa yatsa biyu a bakin wani akwati mai haƙora, Madugu ko ƙwarzane.

A Lahadi ta shida wani dodo mai kai biyu ya kai masa sara. Auta ta ce, "Ya kuskure, gatarin ya daki ƙasa."

Kawu ya ce, "Nawa ya ci?"

"Kaɗan ne, Kawu."

"Kaɗan ba lamba ba ce. Nas, 'yata, me kika gani a allo?"

Nas ta ce, "Baba, ban ga komai ba. Ba a nuna mana ba."

Muka ji Kawu ya gyara zama.

Ya ce, "Auta, na yi shekara talatin da ɗaya a hanya. Ban taɓa yin mako shida ba ko faci ɗaya ba. Yau Madugu ya yi mako shida cikin kibau ba ko ƙaya. Tausayina kike ji?"

"Kawu, ba haka ba ne."

"Haka ne. A asibiti a riƙe min hannu, a gida a ɗauke kujera daga gabana. Nan ne kaɗai nake zuwa a sare ni kamar kowa. Ku ci gaba, Allah ya ba da sa'a. Ku kula min da jakunan."

Ɗan hotonsa ya dushe. Auta ta ce a tashi, ko awa ɗaya ba a yi ba.

Lahadi biyu bai zo ba. Ta kira, ya amsa gaisuwa, ya ce yana jin barci. Sai matarsa ta kira ni ina shago, na kashe injin na fita waje don in ji ta. Ta ce, "Ɗana, ku yi wani abu. Ranar wasanku kaɗai yake aski ya sa hula, alhali ba mai ganinsa. Yanzu tun safe yana kan kujera ya juya wa taga baya. Jiya ko rediyo bai kunna ba."

Na je wurin Auta na gaya mata yadda aka gaya min, ban rage ba. Na ƙara da nawa: "Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Kuma ban da dogon ban haƙuri, ya ƙoshi da shi."

Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Zauna a kujerata, Yaya."

Ta buɗe taswirar kogon, ta kira Nas a waya, ita kuma ta ja kujera ta juya wa allon baya. Ta ce mu yi wasa yadda muka saba, ni in ja, ita ce Madugu. Minti goma muka yi. Tana riƙe da biro, duk sanda ɗayanmu ya ce "nan" ko "can" ko "wancan" sai ta ja layi a takarda. Da ta juyo ta nuna min. Layi arba'in da ɗaya.

Ta ce, "Ban san inda ƙofa take ba. Ban san dodo nawa ne ba. Kogon da na zana da hannuna. Da direba na yi wa haka da tuni yana cikin kwata."

A wannan makon ta sake tsarin duka. Ta kashe duhun da ta sha wahala a kansa. Ta rage taswira zuwa gida takwas a tsaye, takwas a kwance, layukan tsaye da haruffa, na kwance da lambobi. Ta kafa doka: ba mai cewa nan ko can, gida za ka faɗa da harafinsa da lambarsa. Kowane ɗaki aka shiga za ta faɗi faɗinsa da taku, ta faɗi ƙofofinsa, da abin da kunne ke ji da abin da hanci ke shaƙa, kafin kowa ya motsa. Madannin ɓoye kuwa ta cire shi daga shafin gaba ɗaya.

Sannan ta miƙo min wata takarda da zane. "Za ka iya wannan?"

Na duba. Faranti ne na ƙarfe, da layuka masu tudu da yatsa zai ji. Na ce, "Tambaya kike ko zagi?"

Kwana biyu ya ɗauke ni, tsakanin ƙofar wani da tagar wani. Na yanka falle mai kauri, na ɗora siraran sanduna na raba shi gida sittin da huɗu, na goge kowane haɗi har ya yi santsi. A gefe na ɗiga ƙwayoyin walda, ɗaya, biyu, uku, don ya ƙirga layi da hannu. Noti manya su ne dodanni. Washa mai faɗi, ƙarfen nan mai huji a tsakiya, ita ce ɓarauniya, guntun bututu shi ne ni. Madugu na yi shi da doguwar ƙusa mai kai kusurwa shida. Kowanne na manna masa maganaɗisu a gindi don kada ya zame. Ɗaya daga direbobin Auta da ke bin hanyar garin ya kai, ba wasiƙa a ciki.

Ranar Asabar ta kira shi a gabana. Ta ce, "Kawu, gobe ƙarfe huɗu. Duk jifa a fili. In ka mutu ka mutu."

Ya ce, "Wa ya yi farantin nan?"

"Yaya ne."

"Ya yi nauyi." Ya kashe waya.

Ranar Lahadi a ɗakinta na gida na yi wasan, don ban yarda in zauna ni kaɗai ina jira ba. Ɗaki ɗaya ne da labule, teburin a jikin taga, littafinta a buɗe, kofin shayi ya huce ba ta taɓa ba. Huɗu ta yi, Nas ta shigo. Huɗu da biyar. Auta na ta gyara biro a kan tebur. Huɗu da minti goma sha biyu hoton Madugu ya haska, muka ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe.

Ya ce, "Sharaɗi ɗaya. Nas ce za ta riƙa karanta lamba. Ita ko allura za ta yi maka sai ta ce maka da zafi."

Nas ta ce, "Baba, ai gara ka sani."

"Ina jakunana?"

Na ce, "Tsohuwa ta ci rabin igiyata, Kawu."

"Ta yi daidai. Ba ka ba ta abinci."

Auta ta gyara zama, muryar aikinta ta dawo. Ta ce muna bakin wani rami mai zurfin da in ka jefa dutse ba ka jin saukarsa. Gadar igiya ce a kansa, taku goma sha biyu, faɗin mutum ɗaya, a layin D daga gida na biyu zuwa na bakwai. Iska na tasowa daga ƙasa da warin ruwan da ya daɗe a kwance. Katakon gida na biyar ya ruɓe, yana ƙara in an taka. A bayanmu, ta ƙofar da muka fito, akwai takun wani abu mai nauyi, kuma yana matsowa.

Muna ji Kawu na jera ƙarafunansa, ƙwas, ƙwas. Ya ce, "Nawa ne tsakanina da ƙofar?"

"Gida uku."

"To ɓarauniya ta fara wucewa, ba ta da nauyi. Ta ja Ja da Tsohuwa. Kai ƙato ka ɗauki Mai Tari a kafaɗa, in ya taka na biyar da kofatonsa mun rasa shi."

Na ce, "Jaki zan goya?"

"Da me kake da amfani?"

Muka ƙetare ɗaya bayan ɗaya, kowa da jifarsa, Nas na karantawa. Sha huɗu. Tara, na zame amma na kama igiya. Saura Madugu, ya kai gida na huɗu, sai dodon ya fito. Na dutse ne, in ji Auta, kansa na gogar rufin kogon, kuma ya ɗora ƙafa a kan gadar.

Ta ce, "Madugu, kai ne."

Kawu ya ce, "In na gudu zai biyo ni, gadar ta kai shi wurinku. Wuƙata na nan?"

"Tana ɗamararka."

"Zan yanke igiyar ta bayana, in riƙe ta gaba, in ta kai ni bango in hau. Nawa nake nema?"

Auta ta duba littafinta. "Sha ɗaya ko sama. In bai kai ba, Kawu, igiyar za ta kuɓuce maka. Ba abin kamawa a ƙasa."

"Na ji. A jefa."

Matarsa ce ta danna masa. Ɗan ludon ya mirgina a allon kowa, ya tsaya.

Nas ta ce, "Huɗu ne, Baba."

Ina zaune kusa da Auta, na ga hannunta a kan tebur ya dunƙule. Duniyar tata ce. Tana iya cewa akwai reshe a jikin dutsen, ko wani tsuntsu ya taso. Sai ta ce, a hankali, ba rawar murya:

"Wuƙar ta ci igiyar. Gadar ta tsinke, dodon ya tafi ƙasa da katakai. Madugu ya riƙe tasa igiyar har ta kai shi bango, amma bugun ya fi ƙarfin hannun tsoho. Ya sake. Kuna jin muryarsa tana nisa, yana cewa a ba Mai Tari ruwa. Daga nan ba ku ƙara jin komai ba."

Sai muka ji ƙarar ƙusa ta faɗa a kan siminti, ta gangara. Kawu ne ya ture Madugu daga farantin. Dariya ta biyo baya, irin wadda rabon da in ji ta tun yana dawowa daga tafiya da tsaraba.

"Kun ga mutuwar maza! Hajiya, kin ji? Na tafi da dodon dutse!"

Muka ji matarsa daga nesa tana cewa, "Na ji. Ka ɗaga ƙafa in ɗauko abin, ya shige ƙarƙashin kujera."

Nas na jan hanci, tana cewa mura ce. Auta ta ɗauki shayin nan mai sanyi ta shanye shi tas.

Kawu ya ce, "Auta."

"Na'am, Kawu."

"Mako mai zuwa mace zan zama. Mai tuƙa kwalekwale, mafaɗaciya, ba ta ga maciji da wannan ƙaton. Kuma ta gaji jakunan, 'yar Madugu ce. Ki rubuta."

Ta jawo littafin ta buɗe sabon shafi. "Sunanta?"

"Ki ba ni zuwa Laraba. Suna ba a yi masa gaggawa. Kai kuma mai walda, ka yi min ita da ƙarfe mai kunne biyu, in riƙa gane ta da wuri."

Na ce zan yi. Da aka tashi, ƙarfe shida daidai, Auta ta rufe kwamfutar ta ce in taya ta matsar da teburin, ƙafarsa ɗaya na rawa. Na duba, ƙusa ce ta kwance. Na ɗaure mata ita na tafi gida, don da sassafe akwai ƙofar gareji da ke jirana.